Mai Sunan Wa?

"Khalilu... Khalilu na... wai ba ka ji na ne? Tun jiya nake jiran muryarka, Khalilu."

Hannun Asama'u ya tsaya cak a kan gyaɗar da take tsinka.

Muryar mace ce, siririya, mai jan ƙarshen kalma. Daga 'yar sifikar da ke rataye a jikin darbejiyar tsakar gida ta fito, wadda Khalilu ya sayo wa mahaifiyarsa don jin wa'azi. Irin wadda take kama wayar mutum da kanta ce da zarar ya kusanto. Shi kuwa mai wayar yana zaure, dawowarsa kenan daga gona. Ya kara wayar a kunne, bai ji komai ba, sai ya yi abin da kowa zai yi. Ya ƙure murya, ya sake dannawa.

"Khalilu... Khalilu na..."

Mata huɗu ne a kan tabarma: Asama'u, surukarta Inna Sa'adiyya, da maƙwabta biyu da suka shigo taya su tsinka. Maƙwabtan suka duƙufa aiki kamar an sa musu gasa, kunnuwansu kuwa a miƙe.

Sai da saƙon ya zagayo karo na uku sannan Inna ta ɗago.

"Wace mara kunyar ce wannan, take kiran sunan namiji gatsal haka?"

Dole Inna ta yi mamaki. A gidan nan kaf babu mai faɗin sunan Khalilu. Ita uwar ba ta faɗa, ɗan fari ne, "yaron nan" take ce masa har yau da ya haura talatin. Ƙannensa "Yaya" suke cewa. Asama'u kuwa tun da aka kawo ta shekara biyar da suka wuce, "Malam" ne a bakinta, kamar yadda kowace mace mai kunya take yi wa mijinta.

Khalilu ya shigo da sallama, fartanya a kafaɗa. Ya ga fuskokin matan, ya ga koriyar fitilar sifika tana ƙyafta masa ido, sallamar ta maƙale a wuyansa.

Asama'u ta karkaɗe zaninta ta shige ɗaki. Ya bi ta.

"Ma'u..."

"Wace ce?"

"Ki tsaya ki ji..."

"Suna na tambaye ka, Malam. Tunda ita ta san naka, ai ni ma sai na san nata."

"Ramlat sunanta. Bazawara ce a Zakirai. Ita ke sayen gyaɗata ran kasuwa, tana ƙuli da mai."

"Tun yaushe?"

"Tun saukar damina."

Ta ƙirga a ranta. Wata biyar. Tun ana shuka gyaɗar nan da take tsinka da hannunta.

"Wallahi tallahi, Ma'u, ko hannunta ban taɓa riƙewa ba! Ko ƙofar gidansu ban sani ba!"

"To me kuke yi?"

"Magana."

"Maganar me?"

Ya sosa ƙeya. "Komai dai. Gona. Taki. Lokacin da ƙirjina yake ciwo ita ta matsa min na je asibiti..."

"Ƙirjinka?" Ta juyo ta dube shi sosai. "Yaushe ƙirjinka ya yi ciwo?"

Ya kawar da kai.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Asama'u ba mai hayaniya ba ce, irin matan nan ne da in ransu ya ɓaci sai ninkin kayansu ya ƙara kyau. Ta ninka atamfa uku a jaka, ta goya 'yarta Humaira, ta zura hijabi. A ƙofar gida ta tarar da autan su Khalilu, Naziru, yana wanke babur ɗin da yake haya da shi.

"Autan Inna, kai ni gidanmu."

"Matar Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Tada babur."

Sauran ƙannen mijinta, Munir da Fatihu, da sunansu take kiran su, har da tsokana irin ta matar wa da ƙanin miji. Naziru ne kawai Autan Inna. Kowa a gidan ya ɗauka don ta fi ji da shi ne.

Tsakanin ƙauyukan biyu ba nisa, gona ce ke bin gona, dawa ta sunkuyar da kai, an tuge gyaɗa an kifa ta tana shan rana. Kafin la'asar tana durƙushe gaban mahaifinta, Malam Sha'aban, wanda ya shekara ashirin yana koyarwa a Islamiyyar garin.

Ya saurare ta har ta gama, yana jan carbi.

"Ya dake ki?"

"A'a, Baba."

"Ya hana ki ci ko sutura?"

"A'a."

"Ya kusanci matar nan?"

"Ya rantse bai yi ba."

"To. Abin da ya yi bai kyauta ba, ba zan ɓoye miki ba. Ba sai jiki ya haɗu da jiki ake saɓo ba, kunne yana da nasa, harshe yana da nasa. Zan kira shi na yi masa faɗa. Amma ba a kashe aure a kan muryar da ta fito daga akwati. Ki huta kwana biyu ki koma ɗakinki."

"Ba zan koma ba, Baba."

Carbin ya tsaya. Bai taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba.

"Je ki wajen gwaggonki," ya ce. "Ita ta san yaren."

Gwaggo Larai ƙanwarsa ce, mai daddawa, aure uku ta yi kafin ta dawo gida ta ce ta huta. Asama'u ta same ta a bayan rumbu tana wanke kalwa. Ta ji labarin kaf, ta kwashe da dariya har da buga cinya.

"Sau uku? A gaban Sa'adiyya? Kai, wannan yaro Allah ya so shi da shiriya, shi ya sa ya tona shi da wuri!"

"Gwaggo, abin dariya ne?"

"Ba na dariya ba ne, 'yar nan, amma in ban yi dariya ba me zan yi? Zauna ki taya ni." Ta tura mata ƙwarya. "Mijina na fari, Allah ya ji ƙansa, duk kasuwar da ya ci sai ya bar budurwa a cikinta. Kuma ba son su yake ba fa. So yake a ce masa sannu da ƙoƙari, a ce hularsa ta yi kyau. Namiji in ya ga kansa ƙarami a gida, sai ya fita neman inda za a ƙara masa tsawo. Na biyun kuwa ko tunkiya mace bai kalla sau biyu. Liman ma yabon sa yake. Amma duk abin da na faɗa masa a ɗaki, kafin magariba yana bakin majalisa, har abin da ba a faɗa. Na rantse miki gara na farin."

"Na ukun fa?"

Gwaggo ta ci gaba da murza kalwa.

"Na ukun ba shi da laifi. Ni na ci amanarsa."

"Gwaggo!"

"Kwantar da hankalinki, ko zaure ban leƙa ba. Shekara bakwai ina tuƙa masa tuwo, ina wanke masa riga, zuciyata tana kabarin na fari, mai 'yan matan nan. In ya yi dariya sai na ce a raina ba haka wancan yake yi ba. Ya gane. Ai suna ganewa. Wata rana ya ce, Larai, na gaji da zama da baƙuwa. Ya ba ni takardata cikin mutunci."

Asama'u ta taɓe baki. "Ni dai ban yi wa kowa komai ba."

"Ban ce kin yi ba. Miƙo min ruwan can."

Kwana na uku da safe, saƙon murya ya shigo wayar Asama'u daga lambar da ba ta sani ba. Tana dannawa ta gane muryar.

"Yaya, Ramlat ce. Ki yi haƙuri da abin da ya faru, wallahi ban san za a ji ba..." Sai 'yar dariya. "Amma gaskiya ɗaya ce. Bawan Allahn nan ya sha faɗa min, shekara biyar yana zaune da gangar jiki, mai jikin tana wani wuri. In ba kya yi, ki matsa wa masu yi. Ba a riƙe biyu, Yaya."

Ta saurara sau ɗaya ta goge. Wace ce yayarta? Allah ya kiyaye! Ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Amma kalmar nan ta "biyu" ta ƙi bin shara.

Ran nan bayan la'asar Khalilu ya zo biko. Ya sha faɗan Malam Sha'aban kansa a ƙasa, sannan aka ce Asama'u ta same shi a zaure. Ta zauna a ƙarshen tabarma, ta juya masa gefe.

"Ma'una..."

"Asama'u."

"To, Asama'u. Ban zo kare kaina ba. Na ci amanarki. Na je Zakirai jiya, na same ta gaban yayanta, na ce daga yau ba ciniki, ba gaisuwa. Shi ya sa ta huce a kanki, na ji ta turo miki saƙo. Wayata kuma na bar ta a haɗe da sifikar Inna. Duk saƙon da zai shigo min daga yau, gida gaba ɗaya ya ji."

"Ka kyauta wa kanka."

"Tambaya ɗaya nake da ita. In kin amsa, ko me kika zaɓa zan yi."

Ta ɗan waigo, ya ci gaba.

"Khalilu mai shayi na bakin masallaci, me kike ce masa?"

"Mai sunan Malam."

"Don me?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Mace tana faɗin sunan mijinta ne?"

"Ba ta faɗa. Ko a jikin wani ta gan shi, ɓoye shi take. Ƙanena Munir fa, me kike ce masa?"

"Munir."

"Fatihu?"

"Fatihu mana."

"Autanmu fa?"

Ta buɗe baki, ta rufe.

"Shi mai sunan wa ne, Asama'u?"

Wata akuya ta leƙo zauren, ta dube su, ta koma.

Akwai wani Naziru. Ɗan Minjibir ne, tela, shekara biyu yana zuwa zance a wannan zauren da suke zaune. Ya tafi Legas neman kuɗin aure, ya ce da kaka zai dawo. Kaka biyu ta wuce, sai labarin ɗaurin aurensa da wata ya zo a bakin direban mota. Asama'u ta yi kukanta ta share. Da Khalilu ya fito, da bakinta ta ce tana so, ba wanda ya tilasta ta. Ba ta da lambar wancan, ba ta neme shi ba, ko hotonsa ba ta ajiye ba. Sai dai ranar da aka kai ta, da aka jero mata ƙannen miji ana faɗin sunayensu, aka zo kan na ƙarshe, harshenta ya ƙi. Ta ce Autan Inna, aka yi dariya, sunan ya bi shi. Ita kanta ba ta taɓa zama ta tambayi kanta dalili ba.

"Ban taɓa..." Ta girgiza kai. "Wallahi ban taɓa neman sa ba!"

"Na sani. Ni ma ban taɓa riƙe hannun waccan ba."



"Tun satin farko na gane," ya ce. "Suna biyu kike ɓoyewa a gidana. Na ce sabon aure ne, za ta daina. Aka haifi Humaira, na ce yanzu kam za ta daina. Shekara biyar ina jiran ranar da za ki ƙwala wa yaron nan kira da sunansa, kamar sunan kowa. Nawa kina ɓoye shi don al'ada. Nasa fa, don me? In na shigo ki ce sannu da zuwa Malam, ki ajiye abinci, ki koma gefe. Ba abin da kika rage ni da shi, amma ban taɓa jin kin iso ba. Sai ga wata a kasuwa ta ce, Khalilu, nawa ne buhu? Wallahi sai da na waiga, na zaci da wani take."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Tsoron amsar."

"Sai ka kai wa mai ƙuli."

Ya sunkuyar da kai. "Sai na kai wa mai ƙuli."

"Ka ɗauki abin da ke cikin zuciyata, wanda ni kaina ban leƙa ba, ka shanya shi a kasuwar Zakirai. Ka ba ta ciwon ƙirjinka, ka ba ta sirrina, ni ka bar min wanki da tuwo." Yanzu kam hawayen ya zo, ta bar shi ya zuba. "Muryar zan iya mantawa, Malam. Wannan ne ba zan manta ba."

"Ban ce ki manta ba, Ma'u. Cewa na yi ki dawo. Ina son ki, wallahi ina son ki, ko da rabinki ne a gidan. Amma na fi son duka."

Ya tashi, ya sa takalmi, ya tafi. Bai ce yaushe ba, ita ma ba ta ce ba.

Gwaggo Larai tana bayan ƙyauren zaure tun farko, ba ta ma ɓoye ba.

"Kin ji ko?" ta ce. "Shi da kunne, ke da harshe. Ku je ku ƙarata."

"Gwaggo, laifina bai kai nasa ba."

"Wa ya ce ya kai? Ba awo muke ba, 'yar nan, ba a kasuwa muke ba. Nasa ya fito a sifika, naki ba shi da sifika, shi kenan bambancin da na gani."

Washegari da hantsi Asama'u ta zagaya bayan rumbu inda ba kowa sai kaji. Ta tsaya, ta waiga hagu da dama kamar mai shirin sata.

"Naziru," ta ce a hankali.

Ba abin da ya faru. Kaji suka ci gaba da tono.

Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Ta jira ƙirjinta ya buga irin na da, bai buga ba. Ta yi ƙoƙarin tuno fuskar telan, sai hular kawai ta zo mata, fuskar ta ƙi. Ashe shekara biyar tana gadin ɗakin da ba kowa a ciki. Abin ya ba ta haushi, ya kuma ba ta kunya, har ta yi tsaki ita kaɗai.

Kwana biyu bayan nan ta koma, ba tare da an sake zuwa biko ba. Mota ta sauke ta a bakin hanya ta ƙarasa da ƙafa, Humaira a baya. An gama tsinkar gyaɗa, an tara harawa a kan rufin ɗaki. Inna tana tankaɗe, Khalilu yana ɗinke bakin buhu, autan gidan yana kwance a inuwa yana danna waya.

Ta yi sallama, ta gaida Inna har ƙasa. Sannan ta miƙe, ta juya.

"Naziru! Tashi ka shigo min da jakata, tana zaure. Ƙato da kai kana kwance rana tsaka!"

Naziru ya zabura ya zauna. "Ikon Allah! Matar Yaya, yau ni ne Naziru? Me na yi miki aka sauke ni daga sarauta?"

"Ka girma ne. Auta da gemu?"

Inna ta yi dariya ba tare da ta san abin da ake ciki ba. Khalilu bai ɗago ba. Basillar da ke hannunsa ce kawai ta tsaya a cikin buhu, ta daɗe ba ta fito ba.

Ba za a ce komai ya koma daidai a ranar ba. Ta ajiye masa abinci, ta zauna kusa maimakon gefe, ta tambaye shi takardar asibitin ƙirjinsa, ta karanta ta da kanta, ta yi masa faɗan maganin da bai ƙarasa sha ba. Maganar mai ƙuli kuwa tana nan a ranta, ta san za ta daɗe.

Da safe ya tafi gonar dawa, can inda waya ba ta kamawa. Asama'u ta gama shara, ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa. Ta ɗauki wayarta ta ajiye, ta sake ɗauka. Sau huɗu tana dannawa tana gogewa. A na biyar ta runtse ido ta faɗa, ta tura kafin ta canza shawara. Ta ce a ranta, in ya dawo ya ji abinsa shi kaɗai a kunne.

Ta manta da alkawarin da ya yi mata a zauren gidansu.

Azahar ta kusa, tana tsakar gida tana tsince wake tare da Inna da maƙwabtan nan biyu, sai ta ji motsin fartanya a zaure. Fitilar sifika ta ƙyafta. Kafin ta miƙe, muryarta ta cika gidan, a hankali, tana rawa.

"Khalilu... ni ce. Na iso, Khalilu."

Faranti ya suɓuce daga cinyarta, wake ya watse. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, tana neman ƙasa ta tsage. Maƙwabtan suka dubi juna.

Inna ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Yaron nan, ba ka daddara ba? Wace mara kunyar ce kuma yau?"

Khalilu ya shigo, wayar a hannunsa, idonsa jawur, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya dubi matar da ke ƙunshe cikin mayafi, ya ɗora yatsa a kan wayar zai sake dannawa.

"Matata ce, Inna."